Tsaga Arba'in da Uku a Sandar Jibo

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da ba ya kuskure kuma ba ya mantuwa, wanda ya san kowane rai da sunansa, na cikin gidaje da na cikin kaburburan da iska ta share. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, shugaban masu hijira, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan tarihin Abdussalami ne ɗan Ɗayyabu ɗan Jibo, direban lori, mutumin Hillar Jibo, wato ƙauyen Jibo, da ke gaɓar kogin Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu, kusa da Abu Hujar. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, ba kuwa mai sarauta ba. Shekara arba'in ya yi yana kwasar dawa da riɗi daga gonaki zuwa kasuwanni, ba a taɓa jin ya ci amanar buhu ɗaya ba. Mutum ne dogo, mai faɗin kafaɗa, mai saurin fushi da saurin hucewa, in ban da fushi ɗaya wanda ya shiga zuciyarsa yana da shekara hamsin da tara, bai fita ba har aka ɗauki makararsa.

Asalin al'amarin sanda ce. Kakansa Jibo yana saurayi ya fito daga ƙasar Sakkwato tare da jama'ar da suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara, suka fuskanci gabas bayan yaƙin Burmi. Ayarinsu ya shafe shekara uku a hanya, daga Barno zuwa bakin Cadi, daga nan Wadai, da Darfur, da Kordofan, har suka sauke kaya a bakin wannan kogi. Jibo ɗalibi ne mai kyawun rubutu, saboda haka shi aka ɗora wa rubuta sunan duk wanda ya rasu a hanya. Da takarda ya fara. Takarda ta ƙare. Tawada kuwa ruwa take so, alhali rashin ruwan ne ke kashe mutane. Sai ya koma ga wuƙarsa da sandar da yake dogarawa, ta icen kanya. In namiji baligi ne ya rasu, ya yi tsaga mai zurfi a kwance. In mace ce, ya yi ta a karkace. In yaro ne ko jinjiri, ya yi ɗan ƙwarzane marar zurfi, gwargwadon kwanakinsa a duniya. Daga kan sandar ya fara, yana gangarowa yadda hanya ke gangarowa, ranar da suka iso tsagar ƙarshe ba ta wuce taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Maza goma sha tara, mata goma sha uku, yara goma sha ɗaya.

Tun daga lokacin, kowace ranar Ashura bayan la'asar, mutanen hilla kan taru a ƙofar gidan Jibo, mata su kawo gumba ta sadaka. Mai riƙon sanda ya ɗora babban yatsansa a tsagar farko, ya riƙa gangarowa, yana kiran sunan mamaci da wurin da aka rufe shi, jama'a na amsawa da Allah ya jiƙan shi. Ba wanda ya sake mayar da sunayen a takarda, domin sun ga takarda ta yashe su a hanya, kanya kuwa ko gara ba ta cin ta. Jibo ya koya wa Ɗayyabu. Ɗayyabu ya kama yatsan Abdussalami yana ɗan shekara tara, ya bi da shi tsaga bayan tsaga, har kowace ta zama da nata kaushi da nata zurfi a fatarsa. Sunayen a yatsansa suka zauna, ba a kansa ba. In fata ta taɓa wurin, harshe ya faɗi sunan.

Sai dai akwai wani miki a zuciyar Abdussalami, wanda kowane direba daga cikin mutanenmu ya san shi. A shingen hanya, soja ɗan shekara ashirin kan dubi fuskarsa, ya ji yadda Larabcinsa ke fita, ya tambaye shi ainihin ƙasarsa. Shi a nan aka haife shi, ubansa a nan aka haife shi, kakansa a nan yake kwance. Duk da haka shekara arba'in ana yi masa wannan tambaya, yana haɗiye amsar da ta dace da ita don ya wuce da kayan mutane.

Ta wannan miki aka shigo masa. Cikin kakar shekara ta 1415 ta Hijira, wato 1994, wani ma'aikaci mai suna Ustaz Tahir ya zo hilla, ya ce ana shirin buɗe mathaf a birni, wato gidan tarihi, kuma ana son kowace al'umma ta wilaya, wato jiha, ta sami kusurwarta a ciki. Aka sauke shi a gidan Abdussalami. Aka yanka masa rago. Yana cikin ci idonsa ya faɗa kan sandar da ke rataye a saman ƙofa, ya tambayi labarinta. Abdussalami ya sauko da ita, ya bayyana masa komai, tun daga Burmi har bakin kogi, ya nuna masa bambancin tsagar namiji da ta mace da ta yaro. Baƙo na ta cewa mashallah, bakinsa cike da nama. Akwai littafi da alƙalami a aljihunsa. Bai fito da su ba. Da ya wanke hannu, sai ya roƙi sandar a gaban dattawa, ya ce za a sa ta cikin gilashi, a rubuta sunan mai ita, har jikokin jikoki su gani.

A wajen mutanenmu, baƙon da ya ci abincinka ba a mayar masa da roƙonsa na farko a gaban jama'a. Dattawa suka sunkuyar da kai. Abdussalami kuwa ba kunya kaɗai ta kama shi ba, gaskiya ita ce ransa ya so. Ya hango sunan Jibo a rubuce da hannun hukuma, a birnin da ake tambayarsa daga ina ya fito. Ya miƙa sandar da hannu biyu, ya ce ya ba shi.

Motar baƙo na tashi, matarsa Hadizatu ta leƙo daga cikin gida, ta ga ƙusa tsirara a saman ƙofa.

"Malam, ina sandar?"

"Na ba baƙo."

"Ka ba baƙo? Ragon bai ishe shi ba, sai da ka haɗa mai da kakanninka?"

"Ke ba ki gane ba. Cikin gilashi za a aje ta, duk wilaya ta gani."

"To madalla. Ran Ashura sai gilashin ya zo ya kira muna sunayen."

"Suna nan cikin kaina," in ji shi, yana buga goshi. "Shekara nawa ina kiran su?"

Ashurar farko ya kira arba'in da uku cif, yana murza yatsa a kan gwiwarsa. Ta biyu ma haka, sai dai ya ɗan yi tuntuɓe tsakanin Wadai da Darfur. A ta uku suna biyu suka ƙi zuwa. Manya ba su ɓace masa ba, domin kusan kowannensu ya bar zuriya a hilla, in ya yi jinkiri wani jikan zai ɗaga murya ya tuna masa. Amma yaro ba ya barin zuriya. Jinjirin da aka rufe a gindin wata ƙaya cikin Kordofan ba shi da kowa a duniya sai wannan ƙwarzane da wannan yatsa. A Ashura ta biyar yara bakwai suka kuɓuce masa. Jama'a na zaune, tafukan hannu a buɗe, ana jiran sa. Ya rufe ido, ya murza gwiwa har fatar ta yi zafi. Da shiru ya yi tsawo, sai ya ji bakinsa ya ce, "da sauransu." Da sauransu! Kalmar da Jibo ya yi shekara uku yana yankan itace don kada a taɓa faɗin ta. Ran nan Abdussalami bai taɓa gumba ba.

Mai tambaya zai ce, me ya hana shi zuwa birni ya taɓa sandar? Ai birni ba baƙonsa ba ne. Tun da aka buɗe mathaf, makarantar hilla ta ɗauki al'adar kai 'yan aji shida rihla, wato ziyarar gani da ido, sau ɗaya a shekara cikin sanyi, kuma shi ke kai su don Allah. Yakan wanke lori tun jajibiri, ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗaura randar ruwa a kusurwa. Amma in sun isa, yara su shiga, shi ya zauna a gindin dogon yaro bakin ƙofa, bayansa ga ginin. Ya taso ne a kan cewa wanda ya yi kyauta ba ya bin ta da ido, kuma mai komawa ga abin da ya bayar an misalta shi da abin da ba a son faɗa. Ko tambayar yara ba ya yi. Su kuwa hankalinsu na ga fatar kada da takubba. Malaman makaranta sun karanta abin da aka rubuta a gaban sandar tun zuwan farko, amma nauyin dattijo ya ɗaure masu baki. Haka kowa ya yi ta kiyaye ladabi, yara bakwai na ɓacewa.

A rihlar shekarar 2000 akwai jikarsa Ramla, 'yar shekara goma sha biyu, wadda yake tsokana da amarya. Tun daga hilla take cika wa 'yan ajinsu baki, har da 'ya'yan maƙwabtan da ba Hausawa ba, cewa sandar kakan kakanta na cikin gilashi, kuma yau za su ga sunansa. Suka shiga tare da malamarsu, Ustaza Hanaa. Ba a yi rabin sa'a ba sai ga Ramla ta fito ita kaɗai, ta tsaya a gabansa, idonta ja.

"Amarya, mi ya faru? Kada ne ya kore ki?"

Ba ta yi dariya ba. Da Larabci ta amsa masa, kamar yadda yaran yanzu ke yi in ransu ya ɓaci.

"Kaka, wa ke da gaskiya, kai ko mathaf?"

"A kan mi?"

"Ka ce muna sandar hijira ce. Mai bayani ya ce ta ƙirga buhun auduga ce. Ya ce masu ita ba su iya rubutu ba. Duk aji sun yi mini dariya."

Abdussalami ya miƙe. Al'adar da ta zaunar da shi a gindin itacen nan shekara da shekaru ta faɗi daga kafaɗarsa kamar tsumma. Mai gadi ya yi masa magana, bai ji ba. Ya wuce takubba, ya wuce sirdi, ya wuce kada, har can ƙuryar ƙarshe inda aka jera fartanya da lauje da kwandon tsintar auduga. A nan ya same ta. Da farko bai shaida ta ba. Sandar da ya sani baƙa ce, gumin hannun mutum uku ya rine ta. Wannan kuwa ja ce, tana ƙyalli kamar ƙafar kujerar ofis. A gabanta ga 'yar takarda da Larabci, ya karanta ta sau biyu: sandar ƙirga, wadda baƙin leburori 'yan yamma da ba su san rubutu ba ke ƙirga buhunan audugar da suka tsinta da ita, ba a san mai ita ba.

Ba a san mai ita ba! An ci ragonsa, an ji sunansa da na ubansa da na kakansa. Ba su san rubutu ba! Jibo da ya rubuta Alƙur'ani biyu da hannunsa bayan ya sauka, ɗaya na nan a masallacin hilla ana karatu da shi. Buhunan auduga! Mutum arba'in da uku da suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu don addininsu, an mayar da su buhu. Jahilci in ya tsaya a kan mai shi, abin tausayi ne. Amma in aka rubuta shi da kyakkyawan hannu, aka sa masa gilashi, aka jero yara ana karanta masu shi, ya zama zalunci.

Mai bayani, wani saurayi da 'yar bulalar nuni a hannu, ya matso ya ce, "Ya hajji, direbobi a waje suke jira."

"Kira mini wanda ya rubuta wannan."

"Mudir yana da aiki."

"Ni ma ina da aiki. Kira shi, ko in kira shi da muryata."

Muryar kuwa ta riga ta cika zauren, yara sun bar kada sun kewaye shi. Sai ga mudir ya fito, wato shugaban gidan, kuma ba kowa ba ne illa Ustaz Tahir, ya ƙara jiki, ya ƙara tabarau. Ya dubi Abdussalami duban wanda bai taɓa gani ba.

"Marhaban, ya hajji. Akwai matsala?"

"Ba ka gane ni ba? Ragon ya gane ka."

Wasu yara suka ƙyalƙyace, Ustaza Hanaa ta harare su. Tahir ya gyara tabarau, ya ce kaya da yawa aka tattaro a wancan lokaci, daga ƙauyuka da yawa, ba zai yiwu mutum ya riƙe labarin kowanne ba. Wani masani ne ya duba ta, ya ce irin waɗannan sanduna na ƙirga ne.

"Masanin ya tambayi wa? Itacen? Ni na zaunar da kai na faɗa maka, alƙalami na aljihunka. Kuma wa ya ce ku canza mata kama?"

"Gyara muka yi mata. Ta zo da dauɗa, duk jikinta ƙwarzane. Kafinta ya goge ta da takarda mai yashi, ya shafa mata mai. Ai ka ga ta fi kyau."

Abdussalami ya juya ga sandar. Ya matsa ga gilashin har numfashinsa ya dushe shi.

"Buɗe."

"Mamnu'u ne, ya hajji, an hana. Ba a taɓa kayan tarihi."

"Kafinta ya taɓa da yashi, jikan mai ita ba zai taɓa da yatsa ba? Buɗe!"

Ustaza Hanaa, wadda ta yi shekara huɗu tana ganin takardar nan ba ta tanka ba, ta ce, "Ustaz, ka buɗe masa. In ba haka ba, ni da yaran nan ba mu fita." Tahir ya dubi yara talatin, ya dubi ƙofa, ya ga hayaniya ta fi buɗewa tsada, ya sa aka kawo mabuɗi.

Abdussalami ya yi bisimilla, ya karɓe ta. Ya rufe ido, ya ɗora babban yatsa a kanta. Tsagar farko na nan, ko da mai ya cike rabinta. "Yakubu ɗan Gado, a gabas da Burmi." Ta biyu na nan. Ta uku, a karkace, na nan. Bayan ta uku ya kamata yatsa ya gamu da ɗan kaushi siriri, wanda ya sani tun yana ɗan shekara tara. Yatsa ya wuce sumul kamar a kan ƙwai. Ya koma baya, ya sake bi. Ya juya sandar, ya bi ta ɗaya gefen. Ya sa farce. Ya gangara har ƙasa, ya hau, ya sake gangarowa. Maza na nan, mata na nan. Yara goma sha ɗaya babu ko ɗaya. Abin da hamada ba ta share ba, abin da shekara casa'in ba ta share ba, kafinta ya share shi kafin shayinsa ya huce.

Ya buɗe ido. Bai yi kuka ba, bai ɗaga hannu ba. Muryarsa ma ta sauka, kuma waɗanda suka san shi sun ce saukar ta fi tashin ban tsoro.

"Ƙwarzanen da ka ce dauɗa ne, ɗiyan mutane ne. Uwayensu sun goya su daga Sakkwato, sun rufe su da hannunsu a cikin daji, sun tashi sun ci gaba da tafiya. Ba su da kabarin da za a ziyarta, ba su da ɗa, ba su da jika. Wanga ƙwarzane kaɗai gare su. Shi ka goge don ta yi kyau."

Tahir ya ce bai sani ba. Abdussalami ya ce an faɗa masa. Tahir ya ce in yana son sandarsa, ya rubuto takarda, kwamiti ya duba. Abdussalami ya dubi sandar a hannunsa. Sannan ya mayar da ita cikin gilashin da kansa.

"Ban taɓa karɓe kyauta ba, ba kuwa zan fara da gawa ba. Abin da na ba ka, kun kashe shi. Riƙe itacenka. Amma ka cire waccan ƙarya."

Sai ya juya ga yara, ya ce da Hausa, "Ku zauna." Suka zauna a kan siminti, har da waɗanda ba su jin Hausa. Ya tsaya a tsakiyar zauren hukuma, ba Ashura ba, ba gumba, ya kira maza goma sha tara da mata goma sha uku da yara huɗun da suka rage masa, kowanne da wurin da aka rufe shi. Ramla ce ta fara amsawa da Allah ya jiƙan shi, sauran suka bi. Ustaza Hanaa ta buɗe littafin darasi, tana rubutawa da sauri. Da ya iso wurin bakwai ɗin nan, bai ce da sauransu ba. Ya yi shiru sau bakwai, kowane shiru a gurbinsa.

A hanyar komawa ba wanda ya yi waƙa. Da ya shiga gida, Hadizatu ta dubi fuskarsa, ta haɗiye maganar da ta yi shekara biyar tana ajiye masa, ta kawo masa ruwa.

Ya fi jin haushin kansa a kan kowa, kuma bai ɓoye ba. Yakan ce Tahir ya yi sakaci da abin da ba nasa ba, shi kuwa ya sayar da amanar matattu da kalmar mashallah. Wannan haushi bai zaunar da shi ba. Shekara biyu, duk inda lori ya kai shi, Wad Haddad, Abu Na'ama, ƙauyukan Damazin, sai ya nemi tsofaffin da iyayensu suka biyo wancan ayari, ya durƙusa a gabansu yana tambaya. Mafi yawa sun ce an taɓa faɗa masu, sun manta. A Abu Na'ama ya sami wata makauniya, Iya Yalwa, ta haura casa'in. Ta ce uwarta, har ta mutu, in tana tankaɗe takan ambaci wata ƙanwarta, ita uwar, da aka rufe kwana biyu kafin su ga Farin Nilu, sunanta Ige. Tana faɗa, yatsansa ya motsa da kansa. Ige ce, ta kusa da ƙarshe. Ya kifa kansa a tabarmar tsohuwar ya yi kukan da bai yi a mathaf ba. Ita kaɗai ya samo. Shida sun tafi.

Ya sari bagaruwa a bakin kogi, ya bar ta ta bushe, ya zauna da wuƙa ya sake yanka arba'in da uku bisa jerinsu. A abu ɗaya ya saɓa wa kakansa: tsagar yara shida da ba su da suna ya yi ta fiye da ta kowa zurfi, har ta kusa raba itacen. Ya ce yana son ya ga yashin da zai goge su. Sunayen kuwa ya sa aka rubuta a wuri uku, ɗaya a masallaci, ɗaya a makaranta, ɗaya a akwatin Hadizatu.

Game da takardar gilashi, makaranta ta rubuta sau uku, dattawan hilla sau ɗaya. An amsa cewa kwamiti zai zauna. Mudir ya tafi, wani ya zo. Abdussalami bai daina kai yara rihla ba, bai kuma sake zama a gindin dogon yaro ba. Shekara biyu yana shiga tare da su, in mai bayani ya iso ga sandar ya buɗe baki, sai ya ji daga baya an ce, "Ƙarya ne." A ta uku aka hana shi shiga. Sai ya mayar da lori makaranta: in sun iso ƙofa, ba mai sauka sai sandar bagaruwa ta zaga hannu talatin, kowane yaro ya bi ta da yatsa, ya ji zurfin shidan nan. Sannan ya buɗe masu ƙofar baya, ya ce, "To, ku shiga ku ga kada. In kun iso ƙurya, kun san abin da za ku ce." Masu bayani suka riƙa gaggauta wuce wannan ƙurya duk ranar da aka ce 'yan Hillar Jibo ne. Takardar dai ba a cire ta ba har ya bar duniya.

Ya rasu a shekarar 2014, ranar wata Laraba da hantsi, bayan jinyar wata biyu. Yana da 'ya'ya maza uku, amma Ramla ya kira, ta riga ta zama malama a makarantar da ta yi. Dattawa suka ce ba a taɓa ba mace riƙon sanda ba. Ya ce ba a taɓa ba baƙo ba ma, sai da shi ya fara, kuma ita ce ta fito ta tambaye shi ranar da kowa ya yi shiru. Ya damƙa mata, ya ce, "Amarya, ko sa guda baƙo ya ci a gidanki, ki ba shi zane, ki ba shi akuya, ki ba shi ƙofar ɗaki in yana so. Wagga ba a ba da ta." Ashurar da ta biyo baya ita ta kira sunaye daga bakin zaure, maza na waje suna amsawa. A gurbi shida ta yi shiru, jama'a suka ce Allah ya san su.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Abdussalami ɗan Ɗayyabu ɗan Jibo. Ka yafe masa kuskuren da ya yi da kyakkyawar niyya, ka karɓi fushinsa a matsayin tuba, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya zuciyar da ba ta huce ba a duniya. Ka haɗa shi da arba'in da ukun nan a gidan aminci, inda yara shida za su faɗa masa sunayensu da bakinsu. Amin.